Yadda Ake Zama Mabushin Okestira Kuma Malamin Busa

Tun kafin ka sayi abin busa, ka san yawan kujerun aikin da za ka yi takara a kansu a okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turawa. Babbar okestira mai makaɗa tamanin zuwa ɗari yawanci masu busa hon huɗu gare ta, tirampet uku, turombon uku, sai mai tuba ɗaya tak; dukansu ƙahonin tagulla ne. Wanda ya samu kujera kuma ba ya saurin tashi. Adolph Herseth ya shugabanci masu tirampet a okestirar Shikago daga 1948 har 2001.

Da farko ka zaɓi abin busa ɗaya, ka nemi malami tun ranar farko. Sautin daga karkarwar leɓɓanka yake fitowa a cikin bakin ƙahon, tagullar ƙara shi kawai take yi. In ka saba ɗora leɓe a karkace, gyaransa sai ya ci shekaru.

Sai atisaye na kullum, kuma nan ne aikin yake. Ka fara da dogayen sautuka, ka riƙe kowanne ba rawa, sannan hawa da sauka. Masu tirampet har yau suna bin littafin atisayen da Arban, wani mabushi Bafaranshe, ya fitar a 1864. Kada ka yi awa uku a jere. Leɓe tsoka ce, tana gajiya, tana kumbura. Rabin awa, ka huta, ka dawo. Numfashi kuwa, a ganina, ya fi ƙarfin leɓe muhimmanci. Arnold Jacobs, wanda ya busa tuba a Shikago daga 1944 zuwa 1988, huhunsa ba cikakkiyar lafiya gare shi ba, amma mabusa daga ko'ina suka riƙa zuwa wurinsa koyon sarrafa iska.

Daga nan sai makarantar kiɗa, irin Juilliard a New York ko Curtis a Filadelfiya. A Curtis ba a biyan kuɗin karatu, amma shigarta da wuya.

Gwajin ɗaukar aiki 'yan mintuna ne. A Amurka galibi bayan labule za ka busa, alƙalai ba su ganin fuskarka. Gutsattsarin kiɗa za a tambaye ka, kamar buɗewar simfoni (dogon kiɗan okestira) ta biyar ta mai tsara kiɗa Mahler ga mai tirampet. Ka riƙa naɗar kanka a waya kana saurare, domin kunne ya fi gaya maka gaskiya in ba kana busawa ba. Ko ka ci, akwai shekara ɗaya ko biyu ta gwaji kafin a tabbatar da kai.

Koyarwa kada ka jira sai ka samu kujera. Ka ɗauki ɗalibai biyu ko uku tun kana makaranta, yaran da haƙoransu na gaba suka gama fitowa. Ka busa musu su ji kafin ka yi bayani, kuma kuskure ɗaya za ka gyara a kowane darasi, sauran ka bar su sai mako mai zuwa.