Yadda Ake Gano Kurakurai a Fim Ɗin 'Yan Sanda

Mu a majalisarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi duk sati sai an yi musu kan shirin 'yan sanda da aka kalla, kuma abin da ke ci mini rai shi ne mutane da yawa daga fim suke koyon haƙƙinsu, in an nuna musu ba daidai ba haka za su riƙe har ranar da abin ya zo kansu.

Ka fara da yunifom, shi ya fi sauƙi. Kofur igiya biyu ne, saje uku, to in ka ji ana kiran mutum sufeto alhali igiya ce a hannun rigarsa ka san an kwafsa. Ka duba sunan da ke ƙirjinsa ma ko ya yi daidai da wanda ake kiransa da shi.

Sai ka mayar da sin ɗin, wato fitowar, baya ka kalla sau biyu, karo na biyu ka bar fuska ka kalli kaya. Ankwa da aka ɗaura ta baya ta dawo gaba, jini a hannun dama ya koma hagu, hula ta canza tsakanin ƙofar gida da mota. Ana ɗaukar sin ɗaya a ranaku daban-daban ne, shi ya sa za ka ga mota ta bar hedikwata a Bompai cikin hazon hunturu ta iso Sabon Gari ƙasa jiƙe da ruwan damina. Hana wannan aikin mai kwantiniti ne, wato mai kula kada kaya da yanayi su canza, ya ɗau hoto ya rubuta komai kafin a tashi.

Na ukun shi ne mai nauyin, wato doka. Ka ƙirga kwanakin da wanda ake zargi ya yi a bayan kanta. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai shi kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana 2, amma sai ka ga an ajiye mutum sati uku ana nuna DPO a matsayin gwarzo babu ko mutum ɗaya a shirin da ya ce wannan ya saɓa doka. Haka kama uba ko mata don ba a samu mai laifi ba, dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta shi ƙarara. Beli a caji ofis kuma kyauta ne.

Ka kuma saurari abin da aka kwaso daga finafinan Amurka, in ka ji an ce a kira 911 to lambar gaggawa a Najeriya 112 ce.

Kafin ka rubuta a Facebook ka ajiye lambar episod da daidai mintin da kuskuren yake, ka tura wa masu shirin cikin mutunci, don wanda zai duba ya je kai tsaye ya gani da idonsa.