Kafin a sauya bobin ɗin tsohuwar mota

Jama'a, masu riƙe da tsofaffin motoci irin su Peugeot 404 da 504 a nan Damagaram, ina ba ku shawara kada ku gaggauta sayen sabon bobin don kawai mota ta ƙi tashi. Sau da yawa laifin na buji ne, ko wayoyinsa, ko kondansater, wato ƙaramar na'urar ajiye wuta da ke jikin delko (mai rarraba wuta zuwa buji), kuma waɗannan sun fi araha, saboda haka a fara da su.

Aikin bobin shi ne ɗaga wutar batir daga bolt 12 zuwa dubbai masu yawa domin buji ya ba da tartsatsi. Alamar lalacewar bobin da na fi yarda da ita ita ce mota ta mutu bayan ta yi zafi, musamman a tsananin bazara, sannan ta tashi da ta huce. Idan aka haɗa wannan da tsagewa a bakin bobin, ko yoyon mai, ko tartsatsi ja mai rauni maimakon shuɗi, to a sauya shi.

Wajen saye a tafi da tsohon, domin wasu na aiki da rezistans (na'urar da ke rage ƙarfin wutar da ke shiga bobin), wasu kuwa ba sa bukatarsa. Kuma kada a bar makulli a kunne alhali injin yana kashe, domin hakan na iya ƙona bobin.