Ƙafa 32 ko ƙafa 40: yadda ake zaɓen jirgin ruwa mai filafilai na doguwar tafiya

Wanda ya tsaya a matsayar jirage yana kallon jirgi mai tsawon ƙafa 32 da wani mai ƙafa 40 zai ɗauka ƙafa takwas ce kawai tsakaninsu. Ido ne ke yaudararsa. Idan jirgi ya ƙaru a tsawo, faɗinsa da zurfinsa ma ƙaruwa suke yi, don haka nauyin babban yakan kusan ninka na ƙaramin: wannan tan 5, wancan tan 8 zuwa 10. Filafilan da ke kama iska kuma sun fi na ƙaramin faɗi da kamar rabi. Duk sauran lissafin daga nan yake tasowa.

A fara da mutanen da za su tuƙa shi. Ba baƙin da za su zo yawon mako guda ake nufi ba, waɗanda za su kwana a teku ake nufi. Yawancin masu irin wannan tafiya mutum biyu ne, kuma da dare ɗaya yana barci, ɗaya yana gadi. To, wanda ya fi rauni a cikinsu zai iya rage filafili shi kaɗai idan iska ta taso da ƙarfe biyun dare? A ƙaramin jirgi hannu da na'urar jan igiya sun isa. A babba ƙarfin da ke kan igiyar ya wuce a yi wasa da shi, igiya ɗaya ta kuɓuce sai ta tafi da fatar hannu. Haka batun anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don tsayar da jirgi. Ƙafa 32 yakan ɗauki anka mai kilo 12 zuwa 15 da sarƙa mai kaurin milimita 8, wadda kowace mita tata ke da nauyin kilo ɗaya da rabi ko ƙasa kaɗan. Ƙafa 40 yana son anka mai kilo 20 da sarƙar milimita 10, mita ɗaya ta haura kilo biyu. Ranar da injin ɗaga ankar ya mutu, kuma ruwan gishiri yakan kashe shi, da hannu za a jawo.

Sai gudu, inda babban ke da gaskiyarsa. Iyakar gudun irin waɗannan jirage ta rataya ne a kan tsawon ɓangaren da ke taɓa ruwa. Ƙaramin, mai kamar ƙafa 28 a layin ruwa, yana kaiwa kamar mil 7.1 na teku a awa, babban mai kamar ƙafa 35 kuma 7.9. Tazarar kamar ba ta da yawa, amma a auna ta da tafiyar ayarin jiragen da ke tashi daga Las Palmas ta tsibiran Kanari zuwa tsibirin Santa Lusiya a yankin Karibiyan kowane Nuwamba, mil 2,700 na teku. Jirgin da ke cin mil 130 a yini zai yi kwana 21, mai cin 150 kwana 18. Kwana ukun nan ruwan sha ne, abinci ne, gajiya ce. Ga shi babban bai cika jijjiga mutane a kan igiyar ruwa ba, tankin ruwan shansa kuma yakan ɗauki lita 350 zuwa 500, inda na ƙaramin bai cika wuce 200 ba. Mai niyyar ƙetare teku da mutum huɗu ya karkata ga babban. Mai bin gaɓa yana kwana a tasha kowane dare ba ya bukatar wannan.

Kuɗin saye ba shi ne abin tsoro ba, na riƙo ne. Ana biyan kuɗin matsaya gwargwadon tsawo, a wurare da yawa na Bahar Rum har da faɗi, kuma farashin yakan yi tsalle a kan mita 10 da mita 12. Ƙafa 32 bai kai mita 10 ba, ƙafa 40 kuwa ya ɗara mita 12 da kaɗan. Fentin ƙasan jirgi mai hana gansakuka da ƙananan halittun ruwa mannewa ana sabunta shi kowace shekara ko biyu. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe da jigon filafili ana canza su bayan kamar shekara goma, kamfanonin inshora ma sukan tambaya. Injin ƙaramin ƙarfin doki 20 zuwa 30 ne, na babban 40 zuwa 55. A rubuta duk waɗannan a takarda don jiragen biyu kafin a taya. Babban kuskuren da ake yi shi ne a zuba kuɗin duka wajen sayen tsohon ƙafa 40, sannan a rasa na sababbin filafilai. Lafiyayyen ƙafa 32 ya fi shi nesa ba kusa ba.

Inda za a je ma yana yanke hukunci. Ƙasan ƙaramin yakan shiga cikin ruwa kamar mita 1.7, babban mita biyu ko fiye, kuma a ruwan Bahamas marar zurfi wannan tazarar na hana shiga wurare masu kyau. Kafaffun gadojin hanyar ruwa ta gabashin Amurka yawanci ƙafa 65 ne daga ruwa, sai a auna jigon babban har da eriyar da ke samansa.

Kada a saya sai an gwada. A yi hayar kowane girma na mako guda, a shiga matsaya da baya lokacin da iska ke bugowa daga gefe, a kwanta a gadon, a tsaya a wurin girki ana tafiya. Wanda aka zaɓa kuma a sa a ɗaga shi daga ruwa, ƙwararren mai duba jirgi, wanda mai saye ya ɗauko da kuɗinsa ba na mai sayarwa ba, ya ƙwanƙwasa jikinsa, ya auna danshin da ya shiga, ya duba ƙusoshin da ke riƙe da ƙarfen nauyi na ƙasan jirgin.