Yadda Za Ka Fara Koyon Kecuwa, Babban Harshen Asali na Ƙasar Peru

Duk wanda aka gaya wa cewa Peru ƙasa ce ta masu magana da Sifaniyanci, to rabin labarin aka ba shi. Gwamnatin ƙasar da kanta ta amince da harsunan asali 48 da har yau ake magana da su, huɗu a tsaunukan Andis, sauran 44 a dazuzzukan Amazon, kuma ma'aikatar al'adu ta lissafa al'ummomin asali 55. Mafi girma a cikin harsunan shi ne Kecuwa, wanda ƙidayar 2017 ta nuna mutum kimanin miliyan 3.8 ne suka buɗe baki da shi, sai Aimara na kewayen tafkin Titikaka mai mutum wajen 450,000, sannan Ashaninka da Awahun da Shipibo-Konibo a yankin daji. Akwai kuma waɗanda suka kusa shuɗewa, irin Taushiro, wanda a 2017 mutum ɗaya tak aka sani yana iya magana da shi sosai. Wanda yake son sanin waɗannan mutane ta bakinsu, ƙofar da ta fi sauƙin shiga ita ce Kecuwa.

Abin da ya kamata ka fara yankewa shi ne wane Kecuwa za ka koya, domin sunan ɗaya ne amma abin da ke ƙarƙashinsa dangi ne guda. Mutumin Ankash ko Hunin da ke tsakiyar ƙasar da mutumin Kusko da ke kudu suna iya haɗuwa su kasa fahimtar juna yadda ya kamata, ko da yake kowannensu Kecuwa yake yi. Shawarata ita ce ka zaɓi ɗaya daga cikin kare-karen kudu guda biyu, wato na Ayakuco ko na Kusko, saboda su suka fi yawan masu magana da littattafai da malamai, kuma masu su suna jin juna ba tare da wahala sosai ba. Idan ka zaɓa, ka tsaya a kansa aƙalla shekara guda. Yawancin masu farawa a nan suke tuntuɓe, su ɗauki kalma daga wannan littafi, su ɗauki nahawu daga wancan, a ƙarshe su haɗa abin da babu ƙauyen da ake magana da shi. Wajen bincike a intanet ka rubuta sunan yadda mutanen ƙasar suke rubuta shi, wato Quechua, ko kuma Runasimi, sunan da masu harshen na kudu suke kiransa da shi, wanda ma'anarsa ita ce bakin mutane.

Kafin ka shiga nahawu, ka ba tarihi ɗan lokaci, domin shi zai bayyana maka dalilin da ya sa wani dattijo zai amsa maka da Sifaniyanci alhali da Kecuwa ka gaishe shi. Da wannan harshe daular Inka ta yi mulki har zuwa 1532, lokacin da jagoran mayaƙan Sifen, Francisco Pizarro, ya kama sarki Atahualpa a Kahamarka. Da farko limaman cocin Sifen sun rungumi harshen don yin wa'azi, har wani daga cikinsu, Domingo de Santo Tomás, ya wallafa nahawunsa na farko a 1560. Amma bayan tawayen wani shugaban 'yan asalin ƙasar, Túpac Amaru na Biyu, wanda ya tayar da shi a 1780 aka kashe shi a Kusko a 1781, masu mulki sun juya wa harshen baya da ƙarfi. Sai a ranar 27 ga Mayu, 1975 gwamnatin Juan Velasco Alvarado ta ba shi matsayin harshen hukuma, shi ya sa ake bikin harsunan asali a wannan rana kowace shekara. Tsarin mulkin 1993 ya ce Kecuwa da Aimara da sauransu harsunan hukuma ne a yankunan da suka fi rinjaye. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne rikicin cikin gida tsakanin gwamnati da 'yan tawaye na 1980 zuwa 2000, wanda hukumar gaskiya da sulhu ta ƙiyasta ya ci rayuka kusan 69,000, kuma kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka mutu masu Kecuwa ne ko wani harshen asali. Iyaye da dama da suka gudu zuwa Lima sun ƙi koya wa 'ya'yansu harshen da gangan, don gudun raini da tsangwama. Wanda ya san wannan ba zai yi wa kowa gori a kan rashin jin harshen kakanninsa ba.

Daga nan sai horar da kunne. A karin Kusko akwai baƙaƙen da suke zuwa kala uku: na sarari, da mai fitar da iska, da mai fashewa daga maƙogwaro. Misalin da malamai suka fi bayarwa shi ne tanta, wato taro, da thanta, wato abin da ya tsufa ya yage, da t'anta, wato burodi. A nan Bahaushe yana da sa'ar da masu koyo da yawa ba su da ita, domin k' ɗinsu kusan ƙ ɗinmu ne, kuma wanda ya iya furta ts bakinsa ya riga ya san dabarar, abin da ya rage kawai ya kai ta kan p' da t' da ch'. Wanda zai ba ka aiki shi ne q, da ake furtawa can bayan ganɗa, kusa da ƙaf ɗin Larabci. Karin Ayakuco ba shi da wannan rabe-rabe na kala uku, shi ya sa wasu suke ganin ya fi sauƙin farawa. Nauyin kalma kuwa kusan kullum a gaɓa ta biyun ƙarshe yake sauka.

Za ka ci karo da rubutu iri biyu, kada hakan ya ruɗa ka. Ƙa'idar da gwamnati ta kafa a 1985 ta tsaya a kan wasula uku, a da i da u, yayin da babbar cibiyar harshen da ke Kusko take kare wasula biyar. Saboda haka za ka ga Qusqu a wani littafi, Qosqo a wani, duk sunan birni ɗaya ne, wato Kusko. Sirrin shi ne u da i suna karkata zuwa o da e idan suka kusanci q. Ka yi rubutu da ƙa'idar hukuma, tunda da ita ake buga littattafan makaranta, amma ka bi bakin masu harshen wajen furuci.

Ginin kalma shi ne inda za ka fi daɗewa, kuma nan ne daɗin harshen yake. Kecuwa ba ya sa komai a gaban kalma, duk a baya yake jerawa. Ɗauki wasi, wato gida. Wasiy shi ne gidana, wasikuna gidaje, wasiykuna gidajena, wasiykunapi kuma a cikin gidajena. Ka ɗauki suna ɗaya kowace rana ka yi masa irin wannan jeri da babbar murya har sai bakinka ya saba da tsarin, domin kowane ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake manna wa kalma a baya, yana da mazauninsa da ba ya sauyawa. Aikatau a ƙarshen jumla yake zuwa: t'antata mikhuni na nufin ina cin burodi, inda gaɓar -ta take nuna abin da aka ci, gaɓar -ni kuma take nuna mai cin.

Abubuwa biyu ne nake roƙon ka kula da su tun da wuri. Na farko, "mu" iri biyu ce: ñuqanchik ta haɗa da wanda kake magana da shi, ñuqayku kuma ta fitar da shi, don haka kuskure a nan yana iya ware baƙon da kake nufin jawowa. Na biyu, mai magana yakan nuna inda ya samo labarinsa. Parashanmi na nufin ana ruwa kuma na gani da idona, parashansi na nufin wai ana ruwa, parashanchá kuma ƙila ana ruwa. Wannan si ɗin aikin "wai" ɗinmu take yi, sai dai a Kecuwa manne take da kalma, kuma wanda ya sa mi a kan abin da bai shaida ba ya ɗauki nauyin maganar a wuyansa. Shi ya sa gaisuwa take tafiya haka: a tambaye ka allillanchu, wato lafiya kuwa, ka amsa allillanmi, wato lafiya lau, ni ne shaida.

Wajen sauraro, tashar gwamnati ta TV Perú tana da shirin labarai na Kecuwa mai suna Ñuqanchik tun Disambar 2016, kuma sunan kansa darasi ne, tunda "mu" ɗin da ta haɗa kowa aka zaɓa. An bi shi da na Aimara a 2017 da na Ashaninka a 2018. Ka riƙa sauraron minti goma kullum ko da ba ka gane komai ba, kana tsinto ɗafa-ƙeyar da ka riga ka sani. Google Translate ya ƙara Kecuwa da Aimara a 2022, kuma yana da amfani wajen duba kalma, amma ba zai maye gurbin malami ɗan harshen ba, wanda ya dace ka nema kuma ka biya shi haƙƙinsa cikakke. Idan karatunka ya yi nisa, ka sani cewa a 2019 Roxana Quispe Collantes ta rubuta kuma ta kare kundin digirin digirgir da Kecuwa a Jami'ar San Marcos ta Lima.

Wajen kiran mutane, ka guji kalmar indio, domin zagi ce a kunnuwan da yawa, kamar yadda Ashaninka ba sa son tsohon sunan Campa da baƙi suka laƙaba musu, Awahun kuma sun fifita wannan suna a kan Aguaruna. Ka tambayi kowa yadda yake kiran al'ummarsa da karin harshensa, ka nemi izini kafin ka naɗi muryar wani ko ka ɗauki hotonsa, sannan idan za ku rabu da mutumin Kusko ka ce masa tupananchiskama, wato sai mun sake haɗuwa.