Abin da Mamu Zai Karanta a Bayan Liman

Sana'ata albasa ce a Aliero, kuma Azahar da La'asar yawanci a masallacin bakin kasuwa suke riskata, cikin direbobin tirela da 'yan dako. Ranar nan yaron da ke taya ni ɗinkin buhu ya ce min, "Baba, in liman yana karatu, ni ma karantawa zan yi ko shiru zan yi?" Na ji daɗin tambayar, don na san dattawa masu furfura da har yau ba su rarrabe ba. Ga yadda na koya a zauren malaminmu, a kan mazhabar Imamu Malik da muka taso a ciki.

Da farko ka san irin karatun raka'ar da kake ciki. Asuba, Juma'a da raka'a biyun farko na Magariba da Isha'i a bayyane ake karatunsu. Azahar da La'asar duka, da raka'ar ƙarshe ta Magariba, da biyun ƙarshe na Isha'i, a asirce.

In liman ya bayyana karatu, kai naka sauraro ne. Yi kabbarar harama, ka kama bakinka, ka ba shi kunne. Aya ta 204 a Suratul A'araf ta ce idan ana karanta Alƙur'ani a saurara, a yi shiru, ko a sami rahama. A Muwaɗɗa kuma akwai hadisin Abu Huraira: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya idar da sallar bayyane, ya tambaya ko wani ya yi karatu tare da shi. Wani mutum ya ce shi ne. Sai Annabi ya ce shi ya sa yake jin ana ja-in-ja da shi a karatun. Abin da ya rage maka shi ne "Amin" idan liman ya kai "walad-dallin". Ko lasifika ta mutu kana can sahun baya, maganar da ta shahara a mazhabarmu ita ce ka ci gaba da shiru.

Sallar asirce ita ce inda na fi ganin matsala, kuma iri biyu ce. Wani zai tsaya ƙyam, leɓe a rufe tun daga kabbara har ruku'u, zuciya na can wajen farashin buhu. Wannan ya yi asarar lada, don mustahabbi ne mamu ya karanta Fatiha da sura a raka'a biyun farko, Fatiha kaɗai a sauran. Karatu kuma sai harshe ya motsa. Wanda aka raya a zuci kawai ba a lissafa shi. Wani kuwa sai ya wuce gona da iri. Na taɓa tsayawa kusa da wani bawan Allah a La'asar, kafaɗarsa a jikin tawa, yana fitar da kowane sin da sad kamar ana hura wuta. Sau uku ina fara Fatiha tana kuɓuce min. Wallahi wannan cutarwa ce, ko da mai yin bai sani ba. Motsa harshe da leɓe, iyakarta ka ji kanka, kada maƙwabcinka ya ji.

In liman ya yi ruku'u kana tsakiyar sura, ko ma tsakiyar Fatiha, bar ta nan ka bi shi. Karatunsa ya ɗauke maka. Shi ya sa wanda ya riski liman a ruku'u ya sami raka'ar, alhali bai karanta ko harafi ba.

Za ka haɗu da wanda ke karanta Fatiha a bayan liman har a Asuba. Kada ka ce masa ya ɓata sallarsa. Imamu Shafi'i ya wajabta ta a kan mamu a kowace raka'a, hujjarsa hadisin Ubada ɗan Samit da ke Bukhari da Muslim, cewa babu sallah ga wanda bai karanta Fatiha ba. Imamu Abu Hanifa kuwa ya ce mamu ba ya karatu sam. Kasuwarmu na tara baƙi daga ko'ina, kowa da inda ya yi karatu, kuma ba na so in ga an tsaya ana musu a ƙofar masallaci kan abin da manyan malamai suka saɓa a kai.

Saura wanda ya makara. Da liman ya yi sallama, ka koma mai sallah shi kaɗai, Fatiha ta zama wajibi a kanka. Yaron nan ya taɓa riskar raka'a ɗaya tak a Magariba, ya rikice. Na ce masa, "Tashi ka karanta Fatiha da sura a bayyane, amma da sassauci saboda masu ramuwa a gefenka, ka zauna tahiya. Ka sake tashi, Fatiha da sura a bayyane, ka zauna, ka yi sallama." Ya ƙirga da yatsu ya ce, "Ashe zama uku ke nan, Baba." Na ce uku ne, har da wanda ya yi tare da liman.