Kurakuran da muke yi wajen jinyar dattijo mai ciwon suga da hawan jini

Ranar da muka zazzage ledar magungunan Baffa a kan tabarma, a gidansa da ke Jekadafari a Gombe, kala tara muka ƙirga. Biyu na suga, uku na hawan jini, biyu na ciwon gwiwa, sai ƙullin ƙwayoyi marasa suna da wani mai kemis ya haɗa masa, da gorar jiƙon sassaƙe da abokinsa ya aiko daga Dukku. Shekarunsa 74. Babu likita ɗaya da ya taɓa ganin taran nan a haɗe. Da muka duba sosai, biyu daga cikin na hawan jinin ma abu ɗaya ne, Amlodipine, kwali ne kawai ya bambanta. Wata biyu yana ninka magani, yana kukan jiri da kumburin ƙafa, mu kuma muna cewa tsufa ne.

Daga wannan kuskuren sauran suke tsirowa. Muna kai suga asibiti guda, hawan jini wani asibitin, gwiwa kuma kemis ɗin bakin layi, kamar ba jiki ɗaya ke ɗauke da su ba. Gyaran ba ya cin ko sisi. Duk ranar ganin likita, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya ne, ko Asibitin Ƙwararru, ko ƙaramin asibitin unguwa, a tattara komai a leda ɗaya har da na gargajiya, a ajiye a gabansa. Kada a ji kunyar gorar sassaƙen. Sannan a samu mutum ɗaya a gida, ɗa ko jika mai karatu, ya riƙe littafi: sunan magani kamar yadda yake a jikin kwali, lokacin sha, da sakamakon awo.

Maganin gwiwa ya fi ba ni tsoro a cikin ledar nan. Diclofenac, Ibuprofen da Piroxicam suna kwantar da ciwo, shi ya sa tsofaffi ke son su. Amma suna tayar da hawan jini, suna cin ciki, kuma suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Ƙodar mai suga da hawan jini kuwa dama a gajiye take. Idan yana shan maganin hawan jini irin su Lisinopril ko Losartan tare da ƙwayar sa fitsari, aka ɗora masa Diclofenac kullum, garin neman gira sai a rasa ido. Shi kuma haɗin kemis, sau da yawa akwai Dexamethasone ko Prednisolone a ciki. Gwiwa za ta yi sanyi a kwana biyu, suga kuma ya haura sama, a rasa dalili. Paracetamol, da man shafawa a gwiwa, da ɗan tattaki bayan la'asar sun fi aminci. Abin da ya wuce nan a bar wa likita.

Yanzu ga wanda ya kusa raba mu da Baffa. Dukanmu hawan suga muke tsoro, ba mu san cewa ga tsoho faɗuwarsa ta fi saurin kisa ba. Wata asuba bai fito masallaci ba. Aka same shi zaune bakin gado, zufa ta jiƙa rigarsa, yana sambatu, bai gane Goggo ba. Wani ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, wata ta fara tofi. Ƙanwata ce ta tuna da na'urar awo, ta huda yatsansa: 48. Ashe zazzaɓi ya hana shi cin tuwon dare, amma bai fasa shan Glibenclamide, maganin sugansa, ba, don mun sha yi masa faɗa kan tsallake magani.

Duk awon da ya yi ƙasa da 70 faɗuwa ce. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke lissafi, a nasu 3.9 ne. Idan aka raba babbar lambar da 18 za a samu ƙaramar, kuma ya kamata kowa a gidan ya san wace iri ce tasu. Alamomin su ne rawar jiki, zufa, yunwa, bugun ƙirji, saurin fushi, ruɗewa. A tsoho wani lokaci ruɗewar ce kaɗai ke bayyana, musamman idan yana shan maganin hawan jini irin su Atenolol ko Propranolol, don suna ɓoye rawar jikin da bugun ƙirjin. Idan yana iya haɗiya, a dama cokalin shayi uku ko huɗu na suga a ruwa, ko a ba shi rabin kwalbar lemo mai zaƙi. Bayan minti 15 a sake awo. Idan bai hau ba a maimaita, idan ya hau a ba shi abinci. Wanda ya suma kuwa kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Ko ya farfaɗo a gida, in dai Glibenclamide ya sha a kai shi, don maganin yana daɗewa a jiki, sugan na iya sake faɗuwa cikin dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce Glibenclamide bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Likitoci kan musanya shi da Gliclazide, kuma haka aka yi wa Baffa.

A ranar ne likitan ya gaya mana abin da ban taɓa ji ba. Ya ce, “Baba, ba lambar saurayi nake nema a wurinka ba.” Akwai gwajin jini mai suna HbA1c da ke nuna yadda suga ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ga mai sauran ƙarfi ana neman ƙasa da kashi 7 ko 7.5. Ga dattijo mai cututtuka da yawa, ƙasa da 8 ya wadatar. Mu da muke murna idan awon safe ya nuna 80, ashe bakin rami muke rawa.

Metformin ba ya kayar da suga irin haka, amma shi ma yana da ranar hutu. Idan amai da gudawa suka kama tsoho, ko ya kasa shan ruwa, a dakatar da shi a kira likita, kuma a tambaya har game da ƙwayar sa fitsari da Lisinopril. Idan ƙoda ta yi rauni ana rage shi, in ta yi rauni sosai a daina. To ta yaya za a sani in ba a auna ba? Ƙoda ba ta kuka sai ta kusa tsayawa. Gwajin jini da na fitsari sau ɗaya a shekara, da duba cikin ido a wurin likitan ido, su ne abin da muka fi tsallakewa saboda “ai ba ya jin komai”.

Wannan “ba ya jin komai” ɗin ita ke sa a ajiye maganin hawan jini da zarar kai ya daina ciwo. Hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum. Awo ya yi kyau ne saboda maganin, ba don cutar ta tafi ba. Mai lasifika a kasuwa da ke rantsuwa zai warkar da suga cikin mako uku, kuɗinka yake so. Zogale da shuwaka abinci ne masu kyau a miya da kwaɗo, amma ɗaci ba ya kashe zaƙin jini, kuma jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba ƙodar nan dai zai bi.

A abinci kuskure biyu ne masu kishiyantar juna. Wasu gidajen suna horar da tsoho da yunwa: ba tuwo, ba masa, ba fura, sai wake safe da dare har ya rame, ya fara aiken jikoki a ɓoye. Wasu kuma sun ji an ce alkama ce abincin masu suga, sai a tuƙa malmala biyu manya a ce lafiya lau. Alkama ma hatsi ce, tana komawa suga kamar masara da shinkafa. Yawan ne abin dubawa. Malmala kamar dunƙulen hannunsa, miyar kuka ko kuɓewa ko ganye ta fi tuwon yawa, da ɗan kifi, ƙwai ko nama. Masa biyu ba zuma ba suga, a ci da miyar taushe. Fura kaɗan, nono ya rinjaye ta. Zuma kuwa, duk albarkar da ke cikinta, tana ɗaga suga. Haka Maltina da ake tara wa majinyaci a gefen gado in an zo dubiya. Saboda hawan jini a rage gishiri da magi, a bar daddawa da albasa su yi aikinsu. Wanda aka ce ƙodarsa ta taɓu, ya tambayi likita kafin ya yawaita ayaba da dabino.

Azumi nan ne ake kai ruwa rana. Dattijon da bai taɓa shan azumi ba tun balagarsa ba zai saurari ɗan ƙaninsa ba, na gwada. Amma aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwame, kuma wanda ba a sa ran warkewarsa zai ciyar. Mai allurar insulin sau da yawa a rana, mai raunin ƙoda, da wanda sugansa ya faɗi kwanan nan, haɗarinsu babba ne, balle in azumi ya faɗo a Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kai digiri 40. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun Rajab ko farkon Sha'aban za a ga likita ya sake tsara lokutan magani. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi. Idan awo ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300, a sha ruwa ko da saura minti goma a kira magariba. Mu limamin unguwa muka roƙa ya yi wa Baffa magana, kuma a zama ɗaya ya karɓi abin da muka yi shekara biyu muna faɗa.

Ƙafa kuma ba mai kallonta. Suga yana kashe jijiyoyin ji, sai tsoho ya taka ƙaya ko ƙusa bai sani ba. Da hunturu ya miƙa ƙafa jikin kaskon wuta har ta ƙone, da bazara ya taka simintin harabar masallaci da azahar ba takalmi. Kowane dare wani ya duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu da tocila. Bayan alwala a goge tsakanin yatsun su bushe, a shafa mai a dunduniya saboda faso. Kada a bar mai yankan farce na yawo ko wanzami ya sa reza a kaushi. Ƙaramin rauni da bai nuna alamar warkewa a kwana biyu ba, ko ya yi ja, ko ya fara wari, na asibiti ne a ranar, ba na barbaɗa garin kafso ba.

Bara likita ya ƙara wa Baffa allurar insulin sau ɗaya da dare. Goggo ta yi kuka, wai allurar ƙarshe ce. Ba haka ba ne. Bayan shekaru jiki kan rage samar da nasa, sai a cike masa gurbin. Matsalarmu ta zama ta ajiya, ga yadda wutar lantarki take. Kwalbar da ba a buɗe ba firji take so, amma ba wajen ƙanƙara ba, don in ta daskare ta lalace. Wadda aka fara amfani da ita tana yin kusan mako huɗu in zafi bai wuce digiri 30 ba. Goggo ta samo ƙaramin tulu, ta zuba jiƙaƙƙen yashi, ta sa kwalbar a robar da ke rufuwa ta binne a ciki, ta ajiye a inuwa kusa da randa. Ranar da aka buɗe kwalba kuma jikarta ke rubutawa a jikin kwalin da biro.