Yadda ake dasa lalle da kula da shi har ya ba da ganye mai kama jiki

Lalle ba ya son a shagwaɓa shi. Cika masa ruwa na iya kashe shi. Bishiyar zafi ce, kuma ganyenta ya fi rini idan ya sha ranar bazara. A zaɓa masa wurin da rana ke duka tun safe, ƙasa mai rairayi da ruwa ba ya kwanciya a kanta. Ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta tana iya ruɓar da saiwa.

Dashen reshe ya fi shuka iri sauƙi. A farkon damina a sami tsohon lalle mai lafiya, a yanko reshen da ya fara ƙwari, kaurinsa kamar fensir, tsawon santimita 25 zuwa 30, mai idanu (wuraren tofo) shida ko fiye. A zage ganyen rabinsa na ƙasa, a binne wannan rabin, a danne ƙasar da tafin hannu. Idan shinge ake so, a bar tazarar kamar santimita 40 tsakanin reshe da reshe. Gara ce babbar abokiyar gabarsa a wannan lokacin, kuma ɗanyen taki shi ke kiranta. Don haka sai takin da ya ruɓe sosai, a barbaɗa toka a gindi.

Wanda ya ga dama ya shuka iri, amma ya san ɓawonsa yana da tauri. Sai an jiƙa shi kwana uku zuwa bakwai, ana sauya ruwan kullum, kafin a yafa a gadon reno.

Ban ruwa a watannin farko sau biyu ko uku a mako ne, idan sama ba ta yi ba. Da zarar ya kama, sau ɗaya ya isa. Idan hunturu ya yi tsanani ya zubar da ganye, kada a tayar da hankali a ƙara masa ruwa. Zai tofo da kansa in zafi ya dawo.

Lallen da aka bari ya miƙe ya tsufa sai ya yi ƙaya, ganye ya ragu. Daga shekara ta biyu a riƙa sare shi da lauje mai kaifi, a bar kututture kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, sau biyu a shekara. Sabon tofo shi ya fi rini.

Wurin shanya ne mutane da yawa ke ɓata wahalarsu. A baza rassan a kan tabarma a inuwa mai iska, ana juyawa, har ganyen ya riƙa karyewa a tsakanin yatsu alhali yana nan kore shar. Wanda aka shanya a rana yakan koma ruwan ƙasa, ƙunshinsa ya fito fari-fari. A kakkaɓe, a daka, a tankaɗe, a rufe a gwangwani nesa da danshi.

Bayan kwalliya, ana ƙunsa shi don sanyaya tafin ƙafa da rage kaushi da ƙaiƙayin tsakanin yatsu. Amma kada a shafa wa jariri. Yaron da aka haifa da ƙarancin G6PD (sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini), wanda ba baƙon abu ba ne a Afirka ta Yamma, lalle na iya farfasa masa ƙwayoyin jini har shawara ta kama shi.